Garmaho Biyu a Kasuwar Illela

Juma'a: Sakkwato zuwa Gwadabawa

Na bar gida ana kiran assalatu, saboda Sanda direba ya rantse mini cewa da an sallame sallar asuba zai tashi, ko da mutum ko babu. Muka tashi rana ta yi tsawon mashi biyu.

Ni akawu ne a kantin wani kamfanin Turawa a Sakkwato. Manajanmu, wani Bature da muke kira Mai Lofe, shi ya aike ni Illela in duba masa kasuwa: in ta isa a buɗe reshe, a buɗe. Na amsa da rawar jiki har ya yaba mini himma a gaban sauran akawuna. Bai san abin da ke ja na ba. A Illela Kofur Garba yake, tsohon maƙwabcinmu, wanda ya yi shekaru yana busa begila a cikin makaɗan soja a Kaduna. Shi ya dawo mana da garmaho, a zaurensa na fara jin kiɗan nan na baƙaƙen Amurka da ake kira jaz, kuma tun daga ranar ban warke ba. Da ya tattara ya koma bakin iyaka ya buɗe kanti, sai unguwarmu ta yi shiru kamar an yi rasuwa. Na tanadar masa tsaraba: sabon faifai guda, na naɗe shi da tsohon rawani na rungume a cinya.

Motar Sanda lori ce mai ɗauke da gishiri da goro, mutane a bisa kaya, rago guda a bisa mutane. Don girmama kamfani aka ba ni gaba, wato wurin da zafin inji ke fitowa. A gulbi kowa ya sauka ya tura. A yashin da ke gabansa ma haka. Na ce wa Sanda tun da mu ke kai motar, ya kamata ita ta biya mu.

"Malam Akawu," ya ce, "ita ma gajiya taka yi. Ba ka tausai?"

A Kware wani ɗan doka ya tare hanya. Ya zagaya motar sau biyu bai sami laifi ba, sai idonsa ya sauka a kan cinyata.

"Mi na wanga?"

"Faifai na."

"Na rufe tuwo?"

Na kwance na miƙa masa, raina a hannuna. Ya juya shi, ya shinshina, na ce masa kiɗa ne a ciki. Ya kara a kunne ya daɗe yana saurare, sannan ya mayar mini cikin tausayi.

"An cuce ka, malam. Ba shi cewa komi."

Muka sami Juma'a a Gwadabawa. Na sha fura da nono mai kauri a gindin wata tsamiya, irin wadda a Sakkwato sai ka san mai ita kafin a dama maka. Daga nan hanya ta koma rairayi zalla, gonakin gero an yi girbi, kara a tsaye hagu da dama.

Illela

La'asar sakaliya muka shiga. Tun kafin in ga Kofur na ji shi, ko in ce na ji garmahonsa. Kantinsa na bakin kasuwa, ɗaki guda na laka da rumfar zana. Ya fito ya rungume ni har faifan ya yi ƙara, na ce masa ya yi a hankali, tsarabarsa ce yake shirin fasawa.

Daura da shi, tazarar da ba ta wuce raƙumi mai kaya ya ratsa ba, akwai wani kanti, shi ma ɗaki guda da rumfar zana, shi ma da garmaho a bakin ƙofa. Mai shi wani siriri ne mai jar dara, yana ta kallonmu yana yi kamar ƙuda yake kora.

"Wane ne wancan?" na tambaya.

"Ba kowa. Mushe Idi."

Daga baya na ji labarinsa. Mutumin Ƙonni ne, ya yi wa kumandan Faransa kuku, da kumandan zai koma ƙasarsu ya bar masa garmaho da fayafai. A can duk wanda ya ɗan goga kafaɗa da Nasara ana ce masa Mushe, wai malam ke nan a bakinsu. Kofur ya ce shi dai a bakin da uwarsa ta koya masa, mushe abincin ungulu ne.

Na kwana a zauren Kofur bayan tuwon gero da miyar kuka, wanda matarsa Inna Ige ta aiko da shi tare da gaisuwa da kuma roƙo: in na kawo wani sabon faifan ne, don Allah in koma da shi.

Asabar da hantsi

Na zauna a rumfar Kofur don in fara aikin da aka aiko ni, wato kallon ciniki. Abin da na gani shi ne yaƙi. Kayansu iri ɗaya ne: gishiri, ashana, kananzir, sabulu, akoko, ɗan sukari. Kofur ya rage anini a kan ashana, Idi ya ƙara gyara a kan gishiri. Kofur ya fara ba da gwangwanin banza kyauta, Idi ya fara ba da kwalba. Mutanen Illela ba su taɓa jin daɗin duniya irin na wannan zamani ba, su kuwa 'yan kasuwan biyu kowanne da faci a rigarsa. Rabon da su gaisa tun damina biyu da suka wuce.

Amma akwai ka'ida guda da ba wanda ya taɓa karyawa. In ɗaya ya ɗora faifai, ɗayan zai ɗaga allurarsa ya jira a gama. Ba su taɓa yin shawara a kai ba. Kowanne dai ba ya iya jure ya rasa abin da ɗan uwansa ya sa.

Garmahon Idi na Faransa ne, mai ƙarfi, sai dai ba shi da allura. Kofur kaɗai ke samo allura daga Sakkwato, kuma ya ce gara ya zuba su a rijiya. Don haka Idi kan wasa tsofaffi a kan dutse, in sun ƙare ya sa ƙayar aduwa, kiɗan ya fito kamar daga cikin tulu. Kofur kuwa ga allura gwangwani guda, amma ƙarfen cikin garmahonsa ya gaji: waƙa za ta taso da kuzari, kafin ta kai ƙarshe ta yi ta mutuwa kamar fitilar da kananzir ya ƙare mata.

Ba su iya karanta sunayen da ke jikin fayafan ba, sai suka raɗa musu nasu. Akwai Jirgin Kano, akwai Mai Tari, akwai Kukan Bazawara. Kofur ya sa Jirgin Kano ya kama hannuna.

"Saurara ma begilan ga, Akawu. Mu a soja an hore mu kowa shi bi takarda, wanda yak kauce shi sha gwale-gwale. Wanga ko da gangan yab bar hanya. Ka ji? Ya shiga daji. Shina yawo nai, ba ya tambayar kowa. To jira... ga shi! Ya komo daidai inda 'yan uwa nai ka jira nai. Wanga shi na ɗa."

Daga can tsallake Idi ya ɗaga murya, yana duban sama.

"Malam baƙo, ka hwaɗa ma mai masaukinka begila ihu ta. Mai sarewa shi ka magana."

"Akawu, ka hwaɗa mai wanda ka jin kiɗa da ƙaya ba shi da bakin magana."

"Ka hwaɗa mai gara ƙaya da waƙar da ba ta kai gida."

Haka na wuni ina dakon magana a kan tazarar taku shida. Suka yi gardama a kan mai gangar da ke cikin Mai Tari. Sun yarda dai jikan waɗanda aka kwashe a jirgin ruwa ne tun zamanin bauta, amma Idi ya ce hannunsa na Ba'adare ne, Kofur ya ce duk mai kunne ya san Bagobiri ne. Na ce ni da na iya Turanci ban ga an rubuta ko ɗaya ba. Suka dube ni tare, karo na farko da na ga sun haɗu a kan abu guda: boko ya ɓata ni.

Hirar ta gangara kan haƙorin Idi da ke hana shi barci, da tsadar goro, da liman da ya aiko a riƙa kashe kiɗa lokacin salla, sannan ya ƙara da cewa in an idar, ba laifi a maimaita na jirgin nan. Wata tsohuwa ta zo sayen ashana, ta tsaya a tsakiya tana jira ta ga wane kanti ne ya yi shiru, ta shiga nan.

Kalmalo

Bayan azahar Kofur ya ari jakai biyu ya ce mu je tafkin Kalmalo ya saya mini kifi. Ba mu yi nisa ba sai ga Idi a baya a kan nasa jakin, wai shi ma yau kifi yake sha'awa. Ba zai bar abokin gabarsa shi kaɗai da akawun kamfani ba.

Tafkin ya cika, masunta a kan gora suna jan koma, balbelu fari fat a bakin ruwa. Wurin ya yi mini kyau ƙwarai, har na ji ba zan iya ci gaba da cin tuwon mutum ina ɓoye masa abin da ya kawo ni ba. Na tara su biyun a gindin wata gawo na faɗa musu.

"Kamhwani?" in ji Kofur. "Nan Illela?"

"Awo. In na ce kasuwa ta isa."

Ba wanda ya tambaye ni abin da hakan ke nufi. Daga kamfanin nan suke saro kayansu. Ranar da ya buɗe ƙofa a Illela zai sayar a farashin da su suke saye, ko ƙasa da haka. Idi ya cire dararsa ya duba cikinta, ya ce a Ƙonni ya ga an yi haka, 'yan kasuwa uku ne a layin, yanzu ɗaya yana dako, biyu sun koma gona. Na dubi furfurar da ke gemun Kofur, na tuna duk abin da ya tara a soja yana cikin ɗakin lakar nan.

Da Kofur ya tafi cinikin kifi, Idi ya matso ya rage murya. In kamfani na neman mai tsaron kanti, shi ya iya Faransanci, ya iya lissafi. Wancan kuwa soja ne, in lissafi ya wuce goma sai ya cire takalmi. A hanyar dawowa Kofur ya jera jakinsa da nawa. In har abin ya tabbata, in tuna zumunci. Kuma in sani rabin sukarin wancan da dare yake ƙetaro iyaka. Na ba su amsa iri ɗaya: Allah shi kai mu. Kifin dai ya yi daɗi, Inna Ige ta yi mana romo da shi.

Lahadi, ranar kasuwa

Da na fito daga masallaci da asuba sai na hango abin mamaki: Kofur da Mushe Idi suna tafe kafaɗa da kafaɗa, kawunansu a haɗe. Da suka gan ni suka rabu kamar an watsa musu ruwa.

Hantsi ya yi, kantuna biyu a garƙame.

"Yau ba ku buɗewa?"

"A buɗe ma wa?" in ji Kofur, yana girgiza kai. "Illela garin matattu na, Akawu. Ba ciniki."

"Ko anini," in ji Idi. "Mu ma haƙuri muka yi."

Suna faɗin haka ayarin raƙuma na wucewa ta bayansu, sai da Idi ya matsa don kada a taka shi. Shanu sun cika fili, Buzaye da Fulani da mutanen Garu da na Ƙonni suna ta kwararowa. Suka kama ni hannu bibbiyu suka kai ni bayan gidan Kofur, gindin wata bedi inda ba a ganin kasuwa, aka shimfiɗa mini tabarma, aka kawo kilishi. Don kada in tashi, suka yi abin da ba su taɓa yi ba: Idi ya ɗauko garmahonsa, Kofur ya kawo gwangwanin allura da fayafansa duka, har da sabon da na kawo.

Ban taɓa jin kiɗa irin na wannan hantsi ba. Sabuwar allura, garmaho mai ƙarfi. Begila ta fito tas kamar mai busar na tsaye a bayan bedin, ƙarƙashinta wani ƙaton goge da ake tsinka da yatsa yana tafiya kamar bugun zuciya. Idi ya rufe ido, ya manta da haƙori. Da aka sa Jirgin Kano ya tafi har ƙarshe bai rage gudu ba, Kofur ya share ido da hannun riga.

"Ashe haka yaka ƙarewa," ya ce. "Na mance."

"Sake sa shi, Kohur," in ji Idi a hankali. "Mai begilan ga ba laihi."

Abin da ba su lissafa ba shi ne sauti ba ya tsayawa a katanga. Aka fara leƙowa. Kafin faifai na huɗu bayan gidan ya fi bakin kasuwa cika. Wani Bafillace ya jingina da sandarsa yana kaɗa kai, matan da suka kawo nono suka sauke ƙorai, wasu Buzaye suka durƙusar da raƙuma a bakin lungu. Sai wata mata ta ce tun da ga masu kanti a zaune, a taimaka mata da gishiri. Wani ya ce kananzir. Kofur ya ce yau ba ciniki. Idi ma ya ce ba ciniki, amma muryarsa ta yi rauni.

Jim kaɗan Idi ya ɗauki buta ya ce zai kewaya. Kewayen ya yi tsawo. Can sai ga wata Bafillata ta ratsa da sabulu mai ƙamshi a hannu, irin wanda Idi kaɗai ke kawowa daga Ƙonni. Kofur ya bi sabulun da ido. Ya miƙe tsaye.

"Munahuki! Ta baya yab buɗe!"

Ya zura da gudu, mabuɗi a hannu, rawani na warwarewa.

Aka bar ni ni kaɗai da garmaho da taron jama'a. Na ɗaga allura, aka yi mini ca. Haka akawun kamfani ya wuni yana murɗa hannun garmaho, yana tara wa abokan hamayyar kamfani masu saye, ba ko sisi. Wanda ya gaji da kiɗa ya zagaya gaba ya yi sayayya, ya dawo ya ƙara ji. Kafin la'asar ba sauran ƙwayar gishiri a kantunan biyu. Har gwangwanayen banza an saye.

Suka dawo gindin bedi aljihu ya yi nauyi, fuska kamar ta masu zaman makoki. Ba su taɓa yin ciniki irin na yau ba, kuma a gaban wanda bai kamata ya gani ba.

"Mi za ka hwaɗa ma Bature?" in ji Kofur.

"Abin da nig gani, Kofur."

"Ba mu ce ka yi ƙarya ba," in ji Idi. "Ka dai rage mudu kaɗan."

Kofur ya daɗe yana juya gwangwanin allura a hannu. Sannan ya zube rabi a tafin Idi ba tare da ya dube shi ba, ya juyo gare ni.

"Hwaɗi gaskiya, Akawu, kada ka rasa aikinka a kanmu. In ka ɓoye, wani za su aiko. Shi ko ba shi san jaz ba."

Litinin: komawa

Sanda ya sake rantsuwar asuba, muka sake tashi da hantsi. Su biyun suka rako ni tasha, kowanne da kyautarsa, kowanne yana leƙen ta ɗan uwansa: Kofur busasshen kifi, Idi kwalbar turare da bai faɗi ta inda ta shigo ba. Wannan karon fata da wake muka ɗauko, motar ta yi nauyi, taya ta fashe kafin Gwadabawa. Muka yi azahar da la'asar a gefen hanya. Duk tsawon tafiyar ina tsara yadda zan faɗi gaskiya ba tare da ta yi kyau ba. Muka haye gulbi ana kiran magariba.

Talata: ofis da gida

Na tsaya gaban Mai Lofe na fara da rairayi. Na ba shi labarin tura mota, da fashewar taya, da sauro, da zafi, da fitinar ma'aikatan iyakar Faransa. Ban bar wata masifa ba sai da na ambata. Ya saurara yana zuƙar lofensa.

"Kanti nawa a can?"

"Biyu, ranka ya daɗe."

"Suna sayarwa?"

"Ranar Lahadi sun sayar da komai."

"Komai?"

"Har gwangwani."

Ya yi dariya har hayaƙi ya sarƙe shi. Ya ce bayan sallah za a fara gini. Ya ce kuma ya daɗe bai ga akawun da ya san wuri ciki da waje cikin kwana uku kamar ni ba, ga shi na saba da mutanen garin. Ya miƙo mini hannu.

"Kai ne mai kanti na Illela, Malam Abdu. Barka."

Sauran akawuna suka taso suna taya ni murna. Na karɓa, don ba a ƙin ƙarin girma a gaban Bature, kuma ina da iyali.

Da na isa gida na ba matata Hauwa kifi da turare, na ce mata ta fara ɗaure kaya, bayan sallah za mu tashi. Ta yi guɗa a hankali don kada maƙwabta su ji, sannan ta tambaye ni ko na san wani a can, wanda zai karɓe mu.

Na ce, "Zuwa jiya dai ina da mutum biyu."

Na gode wa Allah da ya kai ni lafiya ya dawo da ni lafiya. Na gode wa Sanda direba, da motarsa da ta bari muka kawo ta gida, da Inna Ige saboda tuwo da romo. Godiya ta musamman ga Kofur Garba da Mushe Idi, waɗanda suka ciyar da ni, suka shayar da ni, suka ba ni kiɗan da ban taɓa jin irinsa ba, don su kori kamfani daga garinsu. Ba su san kamfanin ne zaune a kan tabarmarsu yana cin kilishi ba. Wallahi ni ma ban sani ba.